SHIN RUWA YANA HADDACE ABIN DA AKA FAƊA MASA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, jawabinmu na yau a kan wata da'awa ce da ta taso daga Turai da Japan, ta shigo hannun matasanmu ta wayar salula, har ta hau kan wasu mumbarori: wai ruwa yana haddace abin da ya ji ko ya taɓa. A kan wannan ne wasu ke harhaɗa na'urori a gida, kamar naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe, da maganaɗisu, da duwatsu masu ƙyalli, ko kwalabe biyu baki da baki domin ruwa ya riƙa juyawa kamar guguwa, wai don a ba shi "tsari" da "kuzari".

Wajibi ne mu san asalin maganar. A shekarar 1988 wani likitan Faransa, Jacques Benveniste, ya buga bincike a mujallar Nature cewa ya yi ta sirka wani sinadari da ruwa har babu ƙwayarsa ko ɗaya da ta rage, amma ruwan ya ci gaba da aikin sinadarin. Editan mujallar, John Maddox, ya je ɗakin gwajin tare da mutum biyu. Suka ɓoye sunayen kwalaben, suka rubuta su a takarda, suka manna ta a silin ɗakin, ta yadda mai dubawa bai san wace ce wace ba. Nan take sakamakon ya ɓace.

Sai Masaru Emoto, mutumin Japan da ya rasu a 2014, wanda ya shahara tun 1999 da hotunan ƙanƙara. Ya ce ruwan da aka yi wa kyakkyawar magana yana daskarewa da kyakkyawar sura. Illar aikin ita ce, mai ɗaukar hoto shi ke zaɓen ƙwayar da ta burge shi daga cikin masu yawa, kuma wanda ya zaɓi shaidunsa da kansa ba ya rasa nasara a shari'a. A 2005 kuwa masana suka auna, suka tarar tsarin da ƙwayoyin ruwa ke yi a tsakaninsu yana wargajewa cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa tiriliyan na sakan ba. To ina haddar take zama?

Haɗarin wannan al'amari iri biyu ne. Na farko ga addini. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa ba a riƙon abu a matsayin sababin waraka sai ya tabbata ta hanyar Shari'a ko ta ingantacciyar jarrabawa, kuma waɗannan na'urori ba su da ko ɗaya. Falalar Zamzam ta tabbata da hadisi, ruƙya kuma tana da dalilanta, ba su buƙatar hoton ƙanƙara. Idan muka jingina gaskiya da gurɓatacciyar hujja, ranar da hujjar ta rushe a gaban ɗalibin kimiyya, muna tsoron kada ta tafi da yaƙininsa.

Na biyu ga rayuka. Maganaɗisu ba ya kashe ƙwayar cuta, juya ruwa ba ya fitar da najasar da ta tsiyayo cikin rijiya daga masai. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya. Magidancin da ya dogara da bututu ya bar tafasa ruwa ya saka iyalinsa cikin halaka, alhali su amana ne a wuyansa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da su tafasa ruwan sha ya ɓararraka na aƙalla minti 1, ko su sa sinadarin kulorin bisa awo, su rufe randa, su nisanta masai da rijiya. Masu wa'azi kuma su binciki labari kafin su hau da shi mumbari.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.