Jawabin Yaye Masu Kula da Yaran Riƙo a Dambatta

Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, da ku da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana.

Daga Dambatta zuwa Makoɗa da Bichi, gona na jingine da gona, kuma maraya ba ya rasa mai ɗauka: kaka, goggo, kawu, ko malamin tsangaya. Riƙo kam mun iya. Abin da ya rage mana shi ne gane larurar da yaron ya zo da ita.

Duk mun san irin yaron nan. Shekararsa bakwai yana fitsarin kwance. A aike shi sayen daddawa, ya dawo da kuɗin a hannu. Wata uku bai wanke allo ba. Sai a ce taurin kai ne ko iska, a ɗauko bulala. Alhali sau da yawa doguwar naƙuda ce ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ko shawarar jarirai, sanƙarau, tamowa, ko zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Wani galahanga ce, wani farfaɗiya, wani kuwa kewar uwa ce da ba shi da bakin faɗa.

Mun ga inda rashin sani ke kai mu. A 2019 an fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da yara da sarƙa a ƙafa. A 2023 kuma Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Kano ta samu dokar kare yara. Amma doka ba ta shiga tsakar gida sai da irinku.

Binciken gidajen marayun Romaniya ya nuna yaran da aka ba iyalai riƙonsu kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa. Don haka kada ku jinkirta. Ku tambayi yadda aka haifi yaron da cutar da ya yi. Ku fara da asibitin kusa. In abin ya gagara, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ku zauna da mariƙiya, ku saurare ta, don ita ma tana gajiya.

Amana ce muka damƙa muku. Allah Ya ba ku haƙuri da ikon sauke ta, Ya raya mana yaran nan.