Jawabin Sakataren Gidauniya kan Rumbun Bayanai da Taswirar Yankin Kura da Bunkure

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



An ɗora mini in yi bayani kan rumbun bayanan da gidauniya take ginawa a kwamfuta, da taswirar da ke tafiya tare da shi. Aikin yana da tushe a tarihinmu, domin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kafa diwani, aka rubuta mutane gida-gida domin kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Abin da muka ƙara a yau shi ne, kowane gida yana da ɗigo a kan taswira.

Ƙasar da muke magana a kanta kun san ta. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke gangarowa ta kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An tsara kashin farko na shirin a kan kimanin hekta 22,000. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kura mutum sama da 140,000, Bunkure kuwa kimanin 170,000. Daga wannan shekara ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta. Yaron da aka raɗa wa suna a lokacin yau ya isa riƙe gona. Saboda haka muke haɗa waɗannan alƙaluma da taswirar matsugunai ta shirin GRID3, wadda aka zana daga hotunan tauraron ɗan adam, wadda kuma asalinta aikin rigakafin shan inna ne a Arewa. Manhajar da muke buɗe su da ita, QGIS, kyauta ce, ba a taɓa kuɗin zakka wajen sayenta ba.

Yadda take aiki kamar a shimfiɗa takardu masu shara-shara ne ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa garuruwa da unguwanni, sai kanal da rassansa, sai wuraren da ruwa ke kwanciya da damina ko kacalla ta toshe, sai rijiyoyi da masallatai da makarantu, daga sama kuma gidajen da kwamitocinku suka tantance. Mai duba yana iya cewa a nuna masa gidajen marayu da ke nesa da rijiya, cikin ƙiftawar ido su bayyana.

Bari in ɗan tsaya a kan zakkar hatsi, don nan ne taswirar ta fi amfani. Nisabi wusƙi biyar ne, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushiri, kashi ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da na'ura kuwa rabin ushiri. To, manomin shinkafa da ruwan kanal ke malalowa gonarsa da kansa fa, alhali yana biyan kuɗin ruwa? Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, ushiri ne cikakke, ko da sayen ruwan ya yi. Maƙwabcinsa da ke ƙarshen reshe, wanda sai ya tayar da injin ban-ruwa ya sayi fetur, rabin ushiri ne a kansa. Gonaki biyu kafaɗa da kafaɗa, hukunci biyu. Taswirar tana nuna wace gona ce a wane matsayi, fatawa kuma tana nan a hannun malamai. Tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan ba ya cikin abin da ake fitar wa zakkar amfanin gona a mazhabarmu, sai dai kuɗinsa in ya kai nisabi ya shekara.

Haka nan wajen rabo. Malamanmu sun ce a raba zakka inda ta wajaba ko kusa da nan. Amma sananne ne cewa mai rabo ya fi saurin isa garin da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, ƙauyen da ke bayan kanal ya zauna jiran tsammani. Mai ganin koren gonaki daga cikin mota yakan ɗauka babu mabukaci a nan, ya manta da 'yan ƙwadago da ba su da ko taki ɗaya na ƙasa, da zawarawa masu turara shinkafar wasu, da manomin da tsutsar tumatir ta 2016 ko makamanciyarta ta bari da bashi. A ganina, rijiyar wakafi ta fi cancanta a unguwar da yara ke wanka da ɗibar ruwa a kanal suna kwasar tsargiya, ko da mai bayarwa bai taɓa jin sunan unguwar ba.

Akwai amana a cikin wannan aiki. Talaucin mutum sirrinsa ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta hana a tattara bayanin mutum ko a yaɗa shi ba bisa ƙa'ida ba. Don haka ba a rubuta gida sai da yardar mai shi. Taswirar da za a nuna wa masu bayarwa adadi kawai take ɗauke da shi, unguwa-unguwa. Sunaye suna kulle wurin amintattu kaɗan, ba a bai wa ɗan siyasa ko ɗan kasuwa.

Roƙonmu ga kwamitoci shi ne, kowane masallacin Juma'a ya ware mutum biyu, ɗaya dattijo da ya san gidaje, ɗaya matashi da ya iya waya, a haɗa su da mace amintacciya mai shiga cikin gida. Su sabunta jerinsu sau biyu a shekara, bayan girbin damina da bayan na rani, su cire wanda ya rasu ko ya ƙaura ko Allah ya yalwata masa. Takardun cikewa suna wurin ma'aikatanmu a bakin ƙofa, kowane shugaban kwamiti ya karɓi nasa kafin a watse.