Hannun Maharbi a Lokacin Hunturu

Yau maganarmu da maharba ce da 'yan farauta, musamman na Daudawa da ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. An gama girbi, ana ta tsinkar auduga, hunturu kuwa ya kankama. Yanzu ne samari kan ɗauki bindiga, ko kwari da baka, su fita da asuba neman zabo da makwarwa da zomo. To, akwai wani abu da ba a kula da shi, watau sanyin hannu.

Zafin jikin mai lafiya daraja 37 ne. A watan Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar Katsina yakan sauka kusa da daraja 12, wani lokaci har ƙasa da haka. In sanyi ya bugi mutum, sai jiki ya tsuke ƙananan hanyoyin jini na hannu da ƙafa, domin ya tara ɗumi wajen zuciya da huhu. Shi ya sa yatsu ke fara sandarewa. Likitoci sun auna, sun ga in fatar yatsa ta yi sanyi ƙasa da daraja 15, ba ta iya aiki mai kyau, ba ta kuma jin abin da ta taɓa sosai. A Turai sanyi yakan kashe yatsa ɗungum. Namu bai kai haka ba, amma ya isa ya jawo hasara.

Ku duba. Yatsan da ba ya ji, yaya zai san ya danne kunamar bindiga? Sau da yawa ta haka bindiga ke tashi ba shiri, ta sami ɗan'uwan da ke gaba, ko ƙafar mai ita. Haka kuma wajen fiɗa, wuƙa takan yanki mutum bai sani ba, sai ya ga jini.

Ga abin da za ka yi, malam maharbi.

Da fari, ɗumama jiki duka. In ƙirji da kai sun ji ɗumi, jini zai koma hannu da kansa. Sa riga biyu ko uku, ka rufe kai da kunne da wuya. Riguna biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, gama iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. Kada ka fita da yunwa. Sha kunu ko koko mai zafi tukuna.

Na biyu, nemi safar hannu. Ta ulu ta fi ta auduga, domin auduga in ta jiƙe da raɓa ba ta da sauran amfani, sai ma ta ƙara maka sanyi. Kada ta matse, gama matsi yana hana jini gudu. Kada kuma ka yi harbi da safa mai kauri, don takan sarƙe a kunama. Yanke bakin yatsa ɗaya na safar, ko ka tuɓe ta in lokacin harbi ya yi. Ƙarfen bindiga yana zuƙe ɗumin hannu da sauri, saboda haka riƙe ta wajen itacen.

Na uku, in kana kwanto ka ji yatsu sun mutu, ajiye bindiga, bakinta na kallon inda ba kowa. Sa hannu cikin hamata, ko ka yi ta kaɗa shi kana dunƙulewa kana buɗewa. Gwada haɗa babban yatsa da ƙaramin. In sun ƙi haɗuwa, kada ka taɓa bindiga sai sun saki. Zabo ya tashi ba komai, gobe ma rana ce.

Na huɗu, yi hankali da wuta. Hannun da ya sandare ba ya jin ƙuna, sai mutum ya kanga shi a harshen wuta ya ƙone. Ji ɗumi daga nesa. Mai bindigar toka kuwa ya nisanta albarushi daga wuta da taba. Taba ma kanta tana tsuke hanyoyin jini, ta ƙara sanyin yatsu. In kun komo gida, kada ku kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Na biyar, kula da faso. Iskar hunturu tana busar da fata har ta tsage. Shafa man kaɗanya ko basilin safe da dare, sa'an nan ka goge tafin hannu kafin ka ɗauki bindiga, don kada ta zame. Wannan tsaga ƙofa ce ga cuta. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, takan shiga ta rauni. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa ta Barno a 1969, daga ɓera ake ɗaukarsa, da rani kuwa ya fi yawa. Saboda haka kada ka yi fiɗa da hannu mai rauni, kada ka ci ɓera ko mushe. Wanke hannu da sabulu bayan fiɗa, a dafa nama ya nuna sarai. Kada ka zura hannu a rami, safa ba ta tare haƙorin maciji.

Mai ciwon sikila kada ya bi farautar asuba, gama sanyi yana ta da ciwon. Wanda kuma yatsunsa suka daɗe ba sa ji, ko da rana ta yi zafi, ya zo disfensare a duba shi. Mai yiwuwa ciwon sukari ne ko farkon kuturta. Maganin kuturta kyauta ne, tana warkewa in an zo da wuri. In ka ji rauni, wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ka zo ran nan a yi maka allura. Kada ka zuba ƙasa ko toka.

Abu na ƙarshe. A 2020 gwamnati ta sa dajin Kogo cikin dazuzzukan da za a mai da gandun ƙasa, farauta a gandu kuwa laifi ce. Kun kuma san wahalar da 'yan bindiga suka jawo a dazuzzukan nan. Kada kowa ya fita sai da sanin mai gari, kada kuma ya tafi shi kaɗai.

Hannun nan da shi za ka riƙe fartanya in damina ta faɗi. Ka kiyaye shi. Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.