Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Sashen Fasahar Gine-gine



Mai girma shugaban wannan kwaleji, iyayenmu sarakuna, Sarkin Magina da tawagarsa, malamai, iyayen yara, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya sanya albarka a takardun da za ku karɓa.

Malamanku sun yi ƙoƙari. Kun iya karanta zane, kun iya fitar da harsashi, kun san adadin bulon da buhun siminti ya kamata ya bayar. Sai dai akwai ɓangaren da nake ganin ba mu ba ku isasshen horo a kai ba, wato kula da ginin da ya riga ya tsaya. A manhaja yakan zo a matsayin darasi guda, a rubuta jarrabawa a wuce. In lokacin koyon aiki na SIWES ya yi, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi tun 1973, akasari wurin sabon gini ake tura ku, inda komai ke ƙyalli. Alhali ku duba garin nan: azuzuwan firamare, ɗakunan asibiti, rumfunan kasuwa, duk suna tsaye suna jiran mai duba lafiyarsu.

Ranar da za a kira ɗayanku a nuna masa dekin da ke yoyo, mai gida zai ce a shafa filasta a buga fenti. Kada ku yarda kafin ku hau sama. Wataƙila ganye da leda ne suka toshe hanyar ruwa, ruwan ya kwanta, ya bi ƙananan tsagu ya isa ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tura kankaren da ya lulluɓe shi har ya ɓamɓare. Jan layin nan da kuke gani a ƙarƙashin dekin shaida ce cewa ƙarfen ciki yana cinyewa. Haka farin garin da ke fitowa a gindin bango, fenti yana ta kumfa yana zuba: danshi ne ke hawowa daga ƙasa, sau da yawa saboda ba a sa abin tare shi ba lokacin aza harsashi. Ga gara kuma tana cin katakon rufi a ɓoye, silin na nan fes. Wanda bai koyi bin sawun matsala zuwa tushenta ba, rufe ta kawai zai yi, ya karɓi kuɗinsa, yara su koma zama a ƙarƙashinta.

Magabatanmu ba su raba gini da gyara ba. Kafin damina a gyara indararo, a sabunta yaɓe, a shafa makuba. Da irin wannan hidima bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ya kai zamaninmu. Da siminti ya zo, sai muka ɗauka ya sauke mana wannan nauyi, kuma bai sauke ba.

A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar zartarwa mai lamba 11 kan kula da gine-ginen gwamnati. Doka kuwa tana buƙatar hannun da ya san aiki. Don haka, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon a mai da gine-ginen wannan kwaleji ajin karatu: kowane ɗalibi a damƙa masa gini ɗaya, ya zagaya shi rani da damina, ya rubuta abin da ya lalace, dalilinsa, da kuɗin gyaransa. Masu koyon aiki kuma a riƙa tura wasu sashen gyare-gyare na asibitoci da makarantu. Ina kira ga hukumar NBTE da ke Kaduna ta faɗaɗa wannan fanni a manhaja.

Ku kuma 'ya'yana, ku nemi tsofaffin birkiloli da kafintoci, ku durƙusa ku tambaya, domin sun buɗe rufi da bango da yawa sun ga abin da ke ciki.

Allah Ya ba ku aiki na halal, Ya tsare rayukan da za su kwana a ƙarƙashin aikinku, Ya mai da kowa gidansa lafiya.