Shin Har Yanzu Gani Ya Kori Ji?



A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, cikin ƙasar Batsari. Duk sa'ad da irin wannan masifa ta auku, sai hotuna su cika wayoyinmu, na gaskiya da na jabu. Yaya za mu rarrabe?

Masana suna da hanyoyi. Hoton JPEG a gida-gida ake matse shi, kowane gida ɗigo 8 tsawo, 8 fāɗi. In aka yanko wani abu aka liƙa, aka sāke matsewa, sai ɗinkin ya bar tabo. Haka kuma kowace kyamara tana barin wani dishi-dishi nata na kanta, kamar zanen yatsa. Inda ya ɓace, an taɓa wurin. Ana kuma horar da kwamfuta da dubban hotuna har ta iya shinshino waɗannan alamu.

Amma fa sau da yawa hoton lafiyarsa lau, bayanin ne ƙarya. A 2018 BBC ta gano cewa wani bidiyon kisa da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato, daga Kwango ya fito, tun 2012.

Saboda haka kafin ka tura, tambayi wurin da ranar. Hoton ƙarya yana jawo ramuwar gayya a kan marar laifi, ya kuma sa a ƙaryata mutanenmu ranar da suka kawo kukan gaskiya.