Rufin Ɗakin Tsohuwa: Gyaran Gida da Aljihun Manomi



An nemi in yi magana a kan ci gaban gari. Batun hanya da asibiti da makaranta akwai waɗanda suka fi ni iya faɗinsa, don haka na zaɓi in tsaya kan katangar gidan da aka haife ku da rufin ɗakin tsohuwa, da irin wahalar da ɗan'uwanku na gida yake sha idan ya ce zai gyara su da hannunsa domin ba shi da kuɗin kiran magini ko kafinta.

Yankinmu na Funtua, Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi ya fi arewacin Jihar Katsina samun ruwan sama. Abin da ke sa masara da auduga da waken suya su yi kyau, shi ne kuma ke cin gindin katanga. Iskar farkon damina tana ɗaye kwano a watan Mayu da Yuni, malkar Agusta kuwa ta jiƙa ginin ƙasa har ya zauna. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa yaɓe ya zama musu aikin kowace shekara. Da zarar an kawar da amfanin gona sai a haƙo jar ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta ruɓa kwanaki, sannan a kira gayya. A gyara indararo, a duba azarar da gara ta ci, a zuba makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a bisa daɓe da bango domin ruwa ya zame. Mai hali ya sa a yi masa laso da katsin marina. Kusan duk kayan daga daji da bayan gari suke, ladan masu aiki kuwa fura ce da goro.

Yau wannan sani ya tafi tare da tsofaffin magina, wanda ya maye gurbinsa kuma ya fi ƙarfin aljihu. A farkon shekarar 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba a yawancin kasuwanni. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sai ga shi ya haura naira 10,000 a watan Fabrairun 2024. Kwano, katako da ƙusa duk suka bi sahu. Giginyar da ake fasa azara da ita ta yi ƙaranci, shiga daji kuma ya zama kasada tun da 'yan bindiga suka addabi yankunan Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara. Gidajen da suka karɓi 'yan'uwa masu gudun hijira sun cika, ɗakin da dā ake ajiye hatsi ya koma wurin kwanan mutum shida.

To, ku dubi halin magidanci. Lokacin da iska ke ɗaye masa rufi shi ne daidai lokacin sayen taki da biyan 'yan ƙodago. Buhun taki a hannun dama, buhun siminti a hagu, kuɗin ɗaya gare shi. Babu mai hankalin da zai bar gona. Sai ya ari tsani, ya hau da kansa, ya danne kwanon da duwatsu da tsohuwar taya. Inda ya huje ya narka soson da ake naɗe rediyo a cikin fetur ya liƙe, ko ya shafa kwalta a tsumma. Rana ta yi kwana uku tana dukansa, liƙin ya tsage. Ya zare tsohuwar ƙusa ya miƙe ta da dutse, ya buga ta a kwarin kwano inda ruwa ke bi maimakon a kan tudu, ya ƙara wa kansa wata kafar. Kwanon yanzu kuma ba shi da kauri, taku ɗaya ya lotsa shi. Da dare uwargida ta jera kwanuka da bokitai, a ja tabarmar yara gefe. Wanda ya zamo daga tsani ya karye, kuɗin ɗori ya haura na kafintan da ya guje wa, noman shekarar kuma ya tafi.

Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne shafa siminti a jikin ginin ƙasa. Mutum ya yi ta tari har ya sayi buhu biyu, ya tsawaita shi da yashi fiye da ƙima domin ya isa, ya shafe katangar zaure ta yi sumul, maƙwabta su yi masa barka. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Ƙasa tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya motsi. Sai ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, katanga ta riƙa ruɓewa a ɓoye. Dā idan bango ya zaizaye ido na gani, a yaɓe shi. Yanzu sai dai a wayi gari ɓawon ya faɗo gaba ɗaya, wani lokaci da katangar, kuma da dare cikin ruwa aka fi samun haka, lokacin da mutane ke barci a gindinta. Ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya doshi shekara 190 a tsaye kafin wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, aka yi hasarar rayuka. Idan ginin Babban Gwani yana bukatar a riƙa dubawa, ina ga katangar da ni da ku muka gada?

Mu malaman makaranta muna kallo abin ya lalace. Lokacin da muka fito daga kwalejin horon malamai, a shekarun da suka biyo bayan shirin UPE na 1976, akwai darasin aikin hannu a firamare, yaro yana saƙa igiya yana buga tubali. A hankali darasin ya koma "kowa ya kawo tsintsiya", daga baya ya koma kuɗin tsintsiyar. Tsarin 6-3-3-4 ya zo a 1982 da alkawarin koyar da sassaƙa da wayar lantarki a ƙaramar sakandare, aka shigo da injina daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatuna saboda rashin wuta da malamai. Ga sakamakon nan: saurayi mai takardar sakandare yana haɗa wayar wuta ya naɗe da leda.

Yanzu na zo kanku, 'yan'uwa mazauna birni. Kuna taimakawa, Allah ya saka da alheri. Sai dai yawancin aikenku yana isowa ne a watan Agusta, bayan an bugo waya an ce ɗaki ya faɗi, lokacin da ƙasa ba ta bushewa, magini kuma yana gona. Wani kuma idan ya tashi gyara sai ya fara da ƙofar ƙarfe da fenti, abin da masu zuwa gaisuwar Sallah za su gani, alhali indararon bayan gida yana zuba a gindin bango. Kwata ɗin wannan kuɗi, da ya zo a watan Fabrairu ko Maris, da ya isa a yi yaɓe, a canza kwano uku, a sayi ƙusa mai hula, a haƙa magudana, a tayar da dakali a gindin katanga.

Ina roƙon ƙungiya ta duba abu biyu. Ta sayi tsani mai ƙarfi, baro, zarto, guduma da cokalin gini, ta damƙa wa mai unguwa da littafin rubuta sunan mai aro. Sannan ta nemo tsofaffin maginan da suka rage, ta biya su ladan mako biyu a cikin rani, ta haɗa kowannensu da samari biyar su yi aiki a gidajen gwauraye da marayu, su koya da hannu. Idan kwamiti ya amince, ni da wasu abokaina da muka yi ritaya za mu zaga unguwanni mu rubuto gidajen da suka fi bukata, mu miƙa wa sakatare kafin ƙarshen watan Janairu.