Hannun Hagu a Danja: Jawabi ga Matasanmu na Kaduna ta Arewa



Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba. Maganar danja ce.

Kwanakin baya wani ƙaninmu mai tuƙa Keke ya bugo mini waya, muryarsa na rawa. Danja ta ba shi kore, ya karya hagu da gudu don ya riga motocin da ke fuskantarsa, sai ya ture wata yarinya 'yar makaranta da ke tsallakawa. Allah Ya sa ƙafa ce ta karye, ba rai ba. Abin da ya ce mini shi ne, "Shugaba, wallahi ni kore na gani." Gaskiya ya faɗa. Ya ga kore, amma bai ga yarinyar ba, don idonsa na kan motocin da ke tahowa.

To jama'a, nan matsalar take. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka duk mai karya hagu sai ya ratsa gaban masu zuwa, sannan ya faɗa inda masu ƙafa ke tsallakawa. Injiniyoyin hanya sun lissafa cewa a mahaɗar hanya huɗu akwai wurare 32 da ababen hawa za su iya cin karo, a shataletale kuwa 8 ne kacal. Yawancin waɗannan 32 ɗin, karya hagu ke kawo su.

Kaduna ta canza, kowa ya shaida. Tun da aka fara aikin sabunta birni a 2019 an faɗaɗa tituna, an kafa danjoji, an buɗe gadar sama ta Kawo a Janairun 2022. Amma titi mai faɗi gudu yake kira. Ku tsaya a Ali Akilu ko Ahmadu Bello Way lokacin tashin makarantu, ku ga yadda yara da tsofaffi ke tsallaka da gudu kamar ana korarsu.

Abin da nake so mu kai wa ɗan majalisarmu da hukumar KASTLEA abu uku ne. Na ɗaya, a mahaɗun da suka fi cunkoso a hana karya hagu sai kibiyar hagu ta kunna. Inda babu kibiya, a wuce gaba a juyo a wurin da aka tanada. Na biyu, idan ja ta kama, a tsaya cak, har mai shiga dama. A birnin New York na Amurka haka dokar take, sai inda allo ya ba da izini. Na uku, kafin a fara kamu a kafa alluna manya, da Hausa da Turanci, a zagaya tashoshi a yi wa direbobi bayani. Doka ta zama kariya, kada ta zama tarkon tara.

Na san abin da 'yan Keke za su ce: zagaye mai ne, mai kuwa ya yi tsada. Ban musa ba. Amma ƙanin nan namu ya yi mako biyu ba aiki, ga kuɗin ɗori, ga balas ɗin mai Keke na jiransa. Wanne ya fi tsada?

Saura wadda za ta yi ɗaci. Mu ne kan gaba wajen karya doka. Ranar gangami mu jera motoci, mu keta ja, mu karya inda muka ga dama, don mun liƙa fosta a gilashi. Idan an kama mutum, sai a kira shugaban matasa. To daga yau, wanda ya keta danja aka kama shi, don Allah kada ya kira ni. Ni ma idan na karya, a ci ni tara a gabanku.

Yarinyar nan ba ta da katin jam'iyya, amma uwarta tana da ƙuri'a, tana kuma kallon yadda muke tuƙi.

Allah Ya kiyaye hanya.